Koren Littafin Masu Turi

Litinin, bayan tashi daga aiki

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya kamar yadda ta bar ni. Yaya maigidanki da yara? Yaya ciwon bayan nan na zaman keken ɗinki? Ki riƙa miƙewa kina zagaya ɗaki, haka na ji likitoci suna gaya wa masu irinsa.

Bari in ba ki labarin abin da na gani yau da safe tun bai huce ba. Bakwai saura na iso ƙofar ma'aikatan asibiti da bokitina, sai ga wata mata mai farin gilashi tana kokawa da takarda a allon sanarwa. Ta manna sama ƙasa ta tashi, ta danne ƙasa iska ta ɗage sama, ga salatif a bakinta. Mutum huɗu suka wuce ta. Ni kuwa na san allon nan, gefen hagu ya sha ruwa, ba abin da ke kama shi. Na ajiye bokiti na ce ta matsa dama, na riƙe mata kusurwa. Da yake hancina na kan takardar, dole na karanta.

Yaya, karatu ne! Kwalejin nan da ke tsallaken titi, bayan tashar bas, za ta koyar da aikin taimaka wa masu jinya cikin mako goma sha biyu. Wata gidauniya ce ta ɗauki nauyin komai, har littafi da kuɗin rigar aiki da na mota. Mutum ashirin za a ɗauka, kuma daga cikinmu ƙananan ma'aikata. Na tambaye ta takardar sakandare fa, don kin san inda na tsaya, aji biyu, shekarar da Allah ya karɓi mahaifinmu. Ta ce ba sa nema. Abu biyu ne kawai: mutum ya iya karatu da rubutu, sannan ya kawo shaidar cewa ya yi shekara guda yana aiki da marasa lafiya hannu da hannu. Ashe ita ce malamar da za ta koyar.

Shekara guda! Ni da na yi biyu da rabi. Kin san a takarda mai shara da goge-goge ne ni, a ɗakin maza da ke hawa na biyu. Amma ban taɓa ba ki labarin Baba Sannu sosai ba. Shi ne mai tura marasa lafiya a ɗakinmu, shekararsa talatin da ɗaya yana yi. Ana ce masa haka ne don duk wanda ya ɗora a keken marasa lafiya, sannu yake jera masa har a isa. Shi ya tsaya mini na sami aikin nan. Gwiwarsa ta dama ta daɗe da ƙin aiki, don haka in aka kira turi ni nake jingine tsintsiya in kai mutum ɗakin hoto ko tiyata, shi kuma ya riƙe mini bokiti. Shi ya koya mini komai: ka gaya wa mutum kafin ka motsa shi, ka sauka gangare da baya-baya, ka danne burki kafin ka saki hannu, ka rufe masa ƙafa don kunya ta fi sanyi ciwo.

Kuma duk tafiyar da na yi tana rubuce. Akwai wani koren littafi a bakin lif, na'urar hawa bene, duk wanda ya fita da mara lafiya sai ya rubuta lokaci da lambar gado da inda za a. Mun cika uku, muna kan na huɗu. Kin ga shaida kuwa har ta yi yawa.

Yau na goge baranda guda sau biyu ban sani ba. Abokin aikina Dogo ya ce in murna ce haka, in zo in yi ta a nasa ɓangaren. Gobe zan tsallaka in karɓo fom. Ki taya ni da addu'a, kuma ki fara duba farin yadi mai kyau, don ba wanda zai ɗinka mini rigar sai ke.

Ki gaishe da maigidan da yara.

Ƙaninki,
Auta

Asabar

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, kuma tarin ƙaramar ya lafa. Saƙonki ya iso. Kin ce tun ban ga fom ba na fara zancen riga, to ai ke kika koya mini cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Na je kwalejin. Yaya, in kin ga ɗakin koyon! Gadaje shida, kowanne da mutum-mutumin roba a kwance, an rufa musu bargo kamar gaske. Sai da na yi wa ɗaya sallama. Akwai abin awon jini a jikin bango, irin wanda kullum nake goge wa ƙura a ɗakinmu ban isa in taɓa maɓallinsa ba. Malama ta ce mako na biyu ake fara koyonsa. Gwajin karatu kuwa na ci, kalma biyu kawai suka kayar da ni, su ma dogayen nan ne na magani. Na fito ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

To amma akwai magana, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Na kai fom ofishin ma'aikata a buga mini hatimi. Jami'ar ta duba fayil ɗina ta rubuta cewa mai shara ne, ba ya taɓa marasa lafiya. Na buɗe baki zan ce a ɗauko koren littafi, sai na tuna wani abu na fasa. Murna ce ta sa na manta abin da hannuna ya saba yi har na daina ganinsa. Doka ta ce mai turi kaɗai ke fita da mara lafiya. Saboda haka a ɗakinmu, ko wa ya yi turin, sunan mai turin da ke bakin aiki yake rubutawa. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Shekara biyu da rabi, duk layin da na rubuta sunan Baba Sannu ne a kai. Sunana ba ya cikin littafin ko sau ɗaya.

In na ce ni ne, to na faɗa wa ofis cewa Baba ba ya iya aikinsa ke nan. Saura masa wata goma sha huɗu ya yi ritaya da mutuncinsa. Bara akwai wani mai turi a ɗakin mata da ƙugu ya kama, cikin sati biyu aka sallame shi, yanzu ƙaninsa ke riƙe da gidansa. Baba kuwa yana da ƴaƴa mata biyu a makaranta.

Dogo ya ce abin mai sauƙi ne, in sami reza in kankare sunan in sa nawa, wai ai layi ɗari biyu sun isa. Na ce masa ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma littafin da aka kankare ya fi wanda ba a taɓa ba tona asiri. Ya ce to in ci gaba da haƙuri har dutsen ya dahu, shi zai zo shan romo.

Na koma wurin Malama na tambaya ko baɗi za a sake. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce gidauniyar ta bana ta bayar, ba wanda ya yi musu alkawarin baɗi. Ranar Juma'a mai zuwa ƙarfe goma sha biyu za a rufe karɓar fom. Ta dube ni ta saman gilashi ta tambaya ko akwai matsala, na ce babu.

Na naɗe fom ɗin na sa a ƙasan keken sharata, ƙarƙashin ledodin shara. Ba zan hau gwiwar tsoho in shiga aji ba. Baba bai san komai ba, kuma ba zai sani ba. Sai dai ba zan yi miki ƙarya ba, duk sanda na goge tagar ɗakinmu ina hango rufin kwalejin, kuma tagar nan ba ta taɓa shan gugar da ta sha a satin nan ba.

Yadin dai ki dakata tukuna. Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Laraba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kin tashi lafiya. Na ji faɗanki, na kuma karɓa. Kin ce tun ina ƙarami nake barin rabona ga wasu ina kiran abin haƙuri.

Asiri ya tonu, kuma ni na jawo. Na manta cewa in na tafi turi Baba ne ke riƙe mini keken shara. Ranar Litinin na kai wani mara lafiya ɗakin hoto, leda ta ƙare masa, ya ɗaga na ƙasa ya ga fom. Ba ya karatu sosai, sai ya kai wa Sista, babbar mai jinyar ɗakinmu, ta karanta masa har da abin da ofis ya rubuta a kai.

Da na dawo bai ce mini sannu ba. Yaya, mutumin da ke yi wa kujera sannu in ya buge ta! Kwana biyu bai dube ni ba. Jiya aka kira turi, na miƙa hannu zan kama keke, ya ture hannuna ya tura da kansa. Ina biye da shi a baya da tsintsiya kamar mai shara, gumi na keto masa, yana jan ƙafa, har ya kai ya dawo.

Yau da rana ya kira ni ɗan ɗakin masu turi. Akwai wata takardar yabo a bango cikin firam. Bara ne na fita da wani dattijo zuwa hoto, muna hira a lif sai na ji harshensa ya yi nauyi, na duba na ga gefen bakinsa ya ɗan sauka. Na juya da shi a guje. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ta fara, da an ƙara minti ashirin da labari ya sha bamban. Da shugabanni suka duba littafi suka ga sunan Baba, shi aka ba yabon. Ni a lokacin daɗi ma na ji.

Baba ya nuna takardar ya ce shekara guda ke nan yana cin abinci da bayansa gare ta. Ya ce ya ɗauka ɗa yake da shi, ashe mai gadi ya samu, wanda ke yanke masa hukunci a ɓoye kamar yaron goye. Ya tambaye ni wa ya gaya mini cewa gwiwarsa ta fi rayuwata tsada. Na ce Baba, wata goma sha huɗu ne kawai. Ya ce in rufe masa baki, shi ya fi ni iya ƙidayar watanninsa.

Daga nan ya ce ranar Juma'a in zo da wanki da guga, kuma in aske wannan gemun da bai yanke shawarar fitowa ba. Na tambayi Sista abin da suke shiryawa, ta ce in je in goge gado na tara.

Gabana faɗuwa yake yi, amma wallahi wani ɓangare na zuciyata rawa yake. Ki yi mana addu'a mu biyu.

Ƙaninki,
Auta

Juma'a da yamma

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidan, ina gaishe da yara ɗaya bayan ɗaya. In kina kan keke ki ɗage ƙafa ki zauna sosai, kada ki ɗinke yatsa.

Ƙarfe goma Baba ya iso cikin kayan da ban taɓa gani a jikinsa ba, har da turare. Sista ta sa hannu ta fito da koren littafi guda uku, ta cire takardar yabon daga bango da kanta. Muka fito mu uku muka nufi kwalejin. Ba mu kai bakin titi ba gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Baba ya dafa bango. Sista ta ce in koma in ɗauko keke. Ya ce shi? A keke? Shekara talatin da ɗaya bai taɓa zama a ciki ba. Ta ce to yau zai ji abin da yake yi wa mutane.

Haka muka tsallaka, Baba a zaune da littattafai a cinya, firam a ƙirji. Ni ban yi wani abu na daban ba. Na gaya masa kafin in motsa, na sauka gefen titi da baya-baya, na kauce wa ramin nan na gaban tashar bas, na rufe masa ƙafa da gefen rigarsa. Shi kuwa bai fasa gyara mini tuƙi ba har muka isa, wai ina sauri kamar mai kai kaya kasuwa.

Masu zaɓen su uku ne a ɗakin ƙasa: Malama, da wani mutum daga gidauniya, da jami'ar ofishinmu, ita dai wadda ta rubuta ba na taɓa marasa lafiya. Na danne burki na koma bayan keke na tsaya.

Baba bai jira a ba shi izini ba. Ya ce sunan da ke cikin littattafan nan nasa ne, amma ƙafar da ta yi tafiyar ba tasa ba ce. Ya nemi biro da takarda ya rubuta sunansa a gabansu, ya ɗauki kusan minti guda, haruffan manya kamar an jera itace. Ya ce su gwada da na littafin. Malama ta buɗe. Kin san rubutuna ƙanana ne masu kwanciya gefe. Ta fara bin layi da yatsa, sai ta tsaya a gefen shafi, wurin da aka bari don ƙarin bayani. Ba mai cika wurin nan sai ni, don ina ganin asara ce a bar shi fari. Ta riƙa karantawa da ƙarfi. Gado na huɗu yana jin jiri in an tashe shi da sauri. Gado na goma bai sha ruwa ba tun safe, kunyar neman fo yake ji. Gado na biyu faratansa sun sauya launi, na gaya wa Sista. Ta yi shafi wajen goma. Sannan ta ce wannan shi ne darasin mako na biyar, kuma shi ne abin da ya fi ba ta wahalar koyarwa.

Baba ya ɗora firam a tebur ya ce wannan ma a mayar wa mai shi.

Jami'ar ofis ba ta yi dariya ba. Ta ce abin da muka yi saɓa doka ne, da wani ya faɗi a hannuna da asibiti ya shiga uku, kuma gaskiyarta. Ni za a ba ni takardar gargaɗi, Sista ma za ta amsa tambaya. Daga yau kowa sunansa zai rubuta. Baba kuma ba zai sake turi ba. Na ɗauka sallamarsa za a yi. Ashe tun Laraba Sista ta je ta zauna musu a ofis ta ƙi tashi. Teburin ƙofar shiga, inda ake nuna wa baƙi hanya, ya yi wata uku ba kowa, kuma ba wanda ya san lungunan asibitin kamar Baba. Can zai ƙarasa watanninsa a zaune. Ba zan ce bai ji ciwo ba. Na ga yadda ya shafa hannun keken da muka fito.

Sai jami'ar ta ce in kawo fom. Ta ja layi a kan abin da ta rubuta, ta sake wani, ta buga hatimi. Sha biyu saura kwata! Mutumin gidauniya ya ce gurbi biyu suka rage, yanzu saura ɗaya. Ran ɗaya ga wata zan fara, da safe aiki, da yamma aji.

Yaya, na shiga! Ki sayi yadin!

Da muka fito bakin ƙofar kwalejin Baba ya ce in tsaya. Ya dafa ya miƙe, ya nuna mini kujerar keken ya ce in zauna. Na ce haba Baba, ya ce umarni ne. Na zauna. Ya sunkuyo ya gaya mini zai motsa ni, ya saki burki, ya tura ni taku bakwai, na ƙirga, yana jan ƙafa yana cewa sannu, sannu, sannu. Ya ce ni ne na ƙarshe da zai tura, kuma in na koma in rubuta a littafi da sunansa, don wannan dai shi ya yi.

Na rubuta. A gefen shafin na sa: wanda aka tura ya yi kuka, amma lafiyarsa ƙalau.

Na san ki, za ki ce Auta ya ƙara gishiri. To ba ni kaɗai na gani ba. Sista na tsaye tana share ido da bayan hannu tana cewa turaren Baba ne ya yi yawa. Malama na bakin taga. Mai gadin kwalejin ya gani, direban bas ɗin da ya tsaya mana ya gani har ya danna oda. Dogo ma ya gani daga hawa na biyu, shi da mutumin gado na tara da ya tallafo zuwa taga, kuma Dogo ya rantse sunan kansa ya rubuta a littafi.

Ki gaishe da kowa da kowa. Aljihun rigar ki yi shi babba, biro biyu zan riƙa sawa.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta